Yadda Mazan Garo Suka Yi Gayyar Ɗaga Taransfoma

Injin markaɗena mai lantarki ne. Da shi na riƙe marayuna bayan rasuwar babansu, shi ya sa har yau ban yafe wa mazan Garo ba.

Ana gab da azumin da shekarar dubu biyu ta shigo a cikinsa, rediyo ya ishe mu da cewa wai na'urori za su ruɗe, su kasa gane sabuwar shekara, wuta ta ɗauke a duniya. Mu da wutar take leƙo mu sai ta ga dama! Amma in ta leƙo ɗin, da ita nake markaɗa wa matan unguwa wake da gero, azumi kuwa shi ne kakata.

Sai ga ma'aikatan wuta da babbar mota da hulunan kwano. Suka ce wa mai unguwa za su tafi da taransfomarmu Kano a gyara mata lissafin kwanan wata, su dawo da ita kafin a ga wata.

Na ja mayafi na fita. Na ce da babbansu, "Ranka ya daɗe, ba za a duba ta a nan ba?"

"Hajiya, wannan aikin injiniyoyi ne."

"Ban je Makka ba tukuna. Wa zan tambaya in ba ta dawo ba?"

Ƙanin mijina ya taso. "Yaya, don Allah ki shiga gida. Daga shiga yaƙi da jahilci sai ki fara yi wa ma'aikata titsiye?"

Aka yi dariya. Motar ba ta da abin ɗaga kaya, don haka mai unguwa ya kira gayya. Ƙarti suka tuɓe riguna, aka kawo igiya da azara, ana salati ana nishi har aka ɗora ta. Aka dama wa baƙin fura, aka bi su da kaji. Mazan nan ne fa suke yini a dandali suna musun Shari'a, kowa ya haddace hannun da ake yanke wa ɓarawo.

Shekara ta shiga. A Gwarzo wuta ta zo ta ɗauke yadda ta saba, babu abin da ya ruɗe. Mu kuwa sai turaku biyun da aka sauke taransfomar daga kansu a tsaye. Mai unguwa ya je ofishin Gwarzo, aka ce ya tafi Kano. A Kano aka ce tana layi. Ya dawo yana gaya mana wai sun karɓe shi da mutunci, har kujera suka ba shi.

Matan unguwa suka koma wajen mai injin gas na bakin kasuwa. Ban ga laifinsu ba, ƙosan buɗa baki ba ya jira. Na rufe injina da buhu na yi ta sauraro har babbar sallah ta wuce, sannan na sayar da shi a wulaƙance. Na koma dakau, turmi da taɓarya, ina da jika.