Kawu Mai Sito da Murfi Dubu Huɗu

To ai ka ji matsalar, mutum ya shekara goma sha tara riƙe da makullin sito, sai ya ɗauka shi da siton tare aka gina su. Kawu Mai Sito nake faɗa maka, na gidan abincin nan na bakin tasha. Da gadi ya fara. Uwar ɗakinsa ta ga ko tsinken sakace ba ya ɓata a hannunsa, ta miƙa masa makulli. Tun ranar bai taɓa zubar da komai ba. Leda ta huje, ya ninke. Cokalin roba ya karye, ya ce wata rana zai yi amfani. Wata ranar tana nan tafe, a ƙafa take zuwa.

Da hutu ya ƙare, cinkoso ya lafa, uwar ɗakin ta shiga sito da kanta don ta ga me ya rage na kayan zuba abinci, me za a sayo. Roba ko ta magani babu. Murfi kuwa buhu kan buhu har rufin ɗaki.

Abin ba asiri ba ne. Robobin da suke saye sirara ne kamar ɓawon albasa, miya mai zafi na shiga su lanƙwashe. Sai 'yan matan kicin su haɗa biyu su rufe da murfi ɗaya. Dillali kuma roba da murfinta yake sayarwa. Kowane hutu murfi ya yi saura, Kawu ya tattara ya ɗaure.

"Kawu, wannan gadon wa muke ajiyewa?"

"Dukiya ce, ranki ya daɗe. Dubu huɗu ne cif."

"Sabon firij na zuwa ranar Asabar, nan zai zauna. Ko murfi ya fita, ko ka bar mini makulli ku fita tare."

Babbar mai girki ta leƙo da ludayi a hannu. "Kawu, ka nema musu mata mana, tuzuranci ya ishe su."

Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Kwana uku yana zaga kasuwa neman roba marar murfi. Matarsa ta ce ya sa murfi ɗaya a aljihu don gwaji. Ya ce shi? Kamar wani sabon shiga? Tafin hannunsa ya san girman murfin nan fiye da yadda ya san fuskar 'ya'yansa. Da tafin hannu ya auna, ya sayo katan shida, ya shigo yana tafiyar wanda ya ci zaɓe.

Babbar mai girki ta zuba miya, ta ɗora murfi. Murfi ya zarce ciki ya kwanta a kan miyar abinsa. Robar ta fi shi faɗi da kaurin yatsa.

"Hannun naka ne ya kumbura, Kawu, ko murfin ne ya rame?"

Kawu ya juya tafin hannunsa yana dubawa.

Asabar firij ya iso. Kawu ya kalli makulli, ya kalli buhuna, ya kira mai kura. Ka ce bola? Ashe ba ka san shi ba. Gida ya kai su. Matarsa ta dawo daga unguwa ta tarar da buhu tsakaninta da gadonta, sai a kaikaice take shiga ɗakinta yanzu. Makulli dai yana wuyan Kawu.

Uwar ɗaki kuma ta gama dogon nazarinta, ta kira dillali ta ce a kawo irin na da, sirara, kowace da murfinta, mai kauri ta yi tsada.

To kai da kake da ilimi, hutu mai zuwa a ɗakin wa za a zuba sauran?