Matar da Ta Hana Mara Lafiya Ruwa

Har yau a layinmu na Ali Kazaure, a Jos, akwai masu kiran Fibi Badung "matar nan da ta hana mara lafiya ruwa". Duk ranar da na ji haka sai raina ya ɓaci. Ni tela ne, bokona bai wuce aji huɗu ba, kuma ba ni da yawan magana. Amma wannan kam sai na faɗa.

Fibi 'yar Gada Biyu ce. Mahaifinta ya yi haƙar kuza har ciwon ƙirji ya tafi da shi. Tana da shekara ashirin da 'yan kai uwarta ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Shekara tara Fibi ta yi tana jinyarta a ɗaki ɗaya, a nan ta koyi aikin. Wata tsohuwar nas ta cocinsu ce ta nuna mata yadda ake juya mutum duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta yi masa gyambo, da yadda ake zaunar da shi sosai kafin a sa masa wani abu a baki. Da uwar ta rasu, matan da suka shirya gawar sun ce ko ƙurji ba su gani a jikinta ba. Tun daga nan gidaje suke nemanta. Ba ta da takardar shaida. Abin da take da shi cokali ne a jaka da agogon hannu irin na maza.

Ƙanena Sharafaddeen direban tifa ne. Shekaru biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi. Hannu da ƙafar dama suka mutu, magana sai da ƙyar, ga ciwon suga, haɗiya ma ta lalace. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɗansa Lukuman, wanda ke zaune a unguwar Rayfield, ya kawo Fibi.

Ranar farko ta tsoma cokalinta cikin kunun da aka dama, ta karkata shi, kunu ya tsiyaye.

Ta ce, "Baba Tela, ka gani? Wannan ba na shi ba ne. Ruwa yana gudu, makogwaron shi ba ya gudu. Zai bi hanyan iska ya shiga huhu. Sai ya yi nauyi, ya sauka kadan kadan."

Haka aka rubuta a takardar asibiti, amma ita ce ta sa muka gane. Ko ruwan sha sai ta dafa shi da ɗan kamu ya yi kauri. Ta tokare shi da filo uku, ta zauna tana kallon wuyansa har ya haɗiye. Idan ya ɓata fuska sai ta ce, "Oga direba, ka yi hakuri, yau sitiyari yana hannuna." Shi kuma ya tattara ƙarfinsa ya ce mata, "Saja," don tsananinta irin na soja. Wata bakwai aka yi haka. Ba tari, ba gyambo.

Sai wata Juma'a yayarmu Hajiya Hussaina ta dawo daga Umara ta zo dubiya, ta zo masa da zamzam. Ta tarar da shi a kwance, ta ga leɓensa a bushe, ta yi kuka, ta zuba a kofi ta kai masa baki. Fibi tana shigowa daga shanya ta yar da bokiti ta cafke kofin. Kaɗan ya zube a zanin gado.

Hajiya ta ce, "Ke! Kin san abin da kika zubar?"

"Hajiya, yi hakuri. Kawo in dama shi da kauri, mu zaunar da shi, ya sha da albarkan shi duka."

"Zamzam za ki dama? Kunu ne? Ko maƙiyinka ba ka hana shi ruwa, balle ɗan'uwana a kwance. Lukuman, wannan ka kawo wa ubanka?"

Ina zaune a wurin. Na san gaskiya tana wajen Fibi, amma yayata ce ke magana, kuma tunda muka taso ban taɓa mayar mata ba. Kafin la'asar labari ya zaga layi, kuma ya sauya kama: wai don ba addininmu ɗaya ba ta zubar da zamzam. Matar da ta wanke ƙanena wata bakwai, take juya masa gado ya fuskanci gabas idan an kira salla! Lukuman ya sallame ta don a zauna lafiya. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Baba Tela, don Allah kada a ba shi a kwance."

Bayanta wani kamfanin jinya aka ɗauko, masu mota da rubutu a jiki. Suka turo wata mata mai fararen kaya, mai ladabi, tana gaisuwa har ƙasa. Hajiya ta ce yanzu aka samu ta gari. Ba na zarginta, baiwar Allah. Da bakinta ta gaya mini kanti take tsaro a da, kwana uku aka koya musu aiki. Takardar asibiti tana cikin fayil ɗin da suka karɓa, babu wanda ya buɗe. Shayi take ba shi a kofi, kansa a kan filo ɗaya. Ya yi ta tari, ido na hawaye. Na ce a ɗan ɗaga shi. Ta ce, "Baba, sanyin Jos ne." Masu dubiya ma kowa da nasa, wannan zoɓo, wancan rubutu.

Sati uku zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji na ƙara kamar tsohon inji. A asibiti likita ya ce abin sha ne ya taru a huhu, ga gyambo ya buɗe a kwankwaso. Ya dube mu ya ce, "Wa yake ba shi ruwa a kwance?" Dukanmu ne kuwa. Kamfani kuwa cewa suka yi za su turo wata.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Ni sai da na yi shekara uku ina sa maɓalli kafin maigidana ya bar ni in sa almakashi a yadin mutane. Sharafaddeen bai hau tifa ba sai da aka gwada shi. Amma mutum sukutum, wanda ba ya iya cewa "na ƙware", sai a miƙa shi ga wanda babu mai tambayar abin da ya sani, muddin kayansa farare ne.

Ya rayu, amma 'yar maganar da ta rage masa ta tafi. Ko "Saja" ba ya iya faɗa yanzu.

Na je Gada Biyu da ƙafata na ba Fibi haƙuri. Na same ta tana jinyar wani dattijo, Baba Siman. Ta ce ba za ta bar shi a rabin hanya ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma ta ce in riƙa zuwa. Sati biyu ina zuwa ina kallon hannunta. Ranar ƙarshe ta ciro cokalin ta ba ni.

Na rufe shago na koma ɗakin ƙanena. Da Hajiya ta sake zuwa da ragowar zamzam ɗin, ta kai hannu ga kofi, na ce, "Yaya, kawo." Ta dube ni, don ba ta taɓa jin haka daga bakina ba. Na dama shi da kauri, na tokare Sharafaddeen da filo uku, na ba shi cokali uku ina kallon wuyansa. Bai yi tari ba.

Ta ce, "Wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Wadda muka kora."