Yadda Noeline Tulloch Ta Sayi Motar Hawan Ƙanƙara

Duk wanda ya zauna a Cromwell a shekarun nan ya san Noeline Tulloch, ko bai san sunanta ba ya san hancinta. Sau biyu aka karya shi. Na farko ubanta ne, tana da shekara goma sha huɗu, ranar da ta shiga tsakaninsa da mahaifiyarta a kicin. Na biyu wani rago ne ya ɗauke ta da karo a rumfar askin tumaki. Takan ce na ragon ya fi ci mata rai, don ba ta samu ta rama ba. Uban kam ta rama. Bayan rasuwar uwar da wata biyu ya ɗaga bel zai zabgi ƙanenta Errol, ta kwantar da shi da itacen murhu, ta kama hannun Errol suka fita da jaka ɗaya, ba su sake taka gidan ba.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aske ulun tumaki, daga wannan gona zuwa waccan, ita kaɗai mace cikin ƙarti. Tunkiya ɗari biyu take gamawa a wuni. Da ƙugunta ya gaza, sai ta samu aiki a ɗakin wanki na wani otal a Queenstown. Hayar gida a can ba ta mai wankin zannuwan gado ba ce, saboda haka ta ci gaba da zama a Cromwell, kullum da asuba tana cin kilomita sittin ta kwazazzabon Kawarau, dutse a hannu ɗaya, kogi can ƙasa a ɗaya hannun.

Abokiyar tafiyarta Lesieli ce, mutuniyar Tonga, uwar 'ya'ya huɗu, mai guga a ɗakin wankin. Lesieli ba ta iya zama shiru a mota, ko waƙar coci ko gulmar manaja.

Wata safiyar Yuli, tsakiyar hunturu a can, suna tafe a tsohuwar ƙaramar motar Noeline, mai ja da ƙafar gaba kawai, tayoyinta duk sun suɗe. Kwalta ta yi baƙi wuluk tana sheƙi kamar an yi yayyafi, ashe ƙanƙara ce ta lulluɓe ta. A wata kwana Noeline ta murza sitiyari, mota ta ƙi ji. Ta juya sau biyu a tsakiyar titi, ta daki dutse da ɓangaren Lesieli, ta tashi sama, ta faɗi a kife. Gilashi ya watse musu a fuska. Noeline ta farfaɗo tana reto a jikin bel, jini na gangarowa daga bakinta zuwa idonta. Ta kwance bel ɗin ta faɗo a ka, ta yi ta harbin ƙofa da dugadugai har ta ɓalle. Da ta jawo Lesieli waje sai ta ga ƙashin hannunta ya huda nama ya huda riga, fari tas, haƙoranta uku kuma babu. Ta cire ɗamarar wandonta ta ɗaure damtsen, ta ja da haƙori, Lesieli tana ihun da ya cika kwazazzabon. Minti arba'in suka yi a kan ƙanƙara, ta rungume ta da jikinta, kafin motar asibiti ta iso.

Kwana uku bayan nan ta je duba ta, ta tsaya a bakin gado ta kasa ɗaga ido.

"Zauna mana, kin tsaya min a ka kamar mai gadin gawa," in ji Lesieli, maganar tana fita ta wawulo. "'Yar uwa, ni dai abu ɗaya nake roƙo. Ki sayi mota, ba gwangwanin kifi ba. In na warke ke zan ci gaba da bi, ba ni da wata hanya, bas ɗin ma'aikata ba ya bi ta unguwarmu."

Errol ya zama bakanike, yana da ɗan gareji a bayan gari. Da ta faɗa masa dala dubu bakwai ne iyakar ƙarfinta, sai ya goge hannu da tsumma ya yi tsaki.

"Yaya, mai ja da ƙafa huɗu kike buƙata, kuma mai turbo, abin ƙara wa inji ƙarfi, don ki wuce manyan motocin nan a hawa ba ki maƙale a bayansu suna watsa miki tsakuwa ba. Ta hannu, cikin waɗanda ake shigowa da su daga Japan. Amma a wannan kuɗin, rabinsu samari sun gama kashe su da tsere."

"To yaya zan gane?"

"Ba za ki gane ba. Ni zan gane. Ke dai ki rufe bakinki, ki sa hannuwanki a aljihu."

Ta farko da suka gani tsatsa ta cinye ƙarƙashinta, Errol ya soka sukundireba ta shige kamar cikin burodi. Ta biyu tayoyinta huɗu kowace da irin ta, ya ce wannan kaɗai ya isa ya lalata giyar motar, ko tayar da ita bai bari an yi ba.

Ta uku a Alexandra take, wurin wani Brodie Haskett, ƙato mai sayen motoci yana gyara fuskarsu yana sayarwa a ƙofar gida. Shuɗiya ce, tana walƙiya, da salansa mai faɗin bakin tulu. Noeline tana ganinta ta ji ta kwanta mata a rai. Errol kuwa ya ɗora tafinsa a kan bonet, ya ji shi da ɗumi.

"Maigida, na ce maka a waya kada ka tayar da ita kafin mu zo. Da sanyinta nake son in ji ta."

"Burodi na je saye," in ji Brodie.

"A wannan sanyin, ga shago can a tsallaken titi?"

Errol ya ɗaga bonet, ya kwance murfin baƙin mai, ya nuna wa Noeline. Farin kumfa ne ya cika shi kamar kindirmo, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Ya cire tiyon turbo, mai ya tsiyayo masa a yatsu. A daidai lokacin wasu mata da miji da su ma suka zo ganin motar suka matso suna leƙe.

"Wannan ba za ta kai ƙarshen Agusta ba," in ji Errol, da murya yadda kowa zai ji. "Ku ma kada ku jefa kuɗinku."

"Kai, cire ƙazamin hannunka daga motata! Kwashi tsohuwar nan mai fuskar ɗan dambe ku ɓace min."

"Bari in mayar da tiyon."

Bai rufe baki ba Brodie ya fizge sandar da ta tokare bonet, ya danna shi da hannu biyu. Noeline ta ji ƙarar ƙashi kafin ta ji ihun ƙanenta. Yatsun Errol na dama suna ciki.

Ba ta tuna lokacin da ta tsallaka ba. Ta sa goshi ta daki bakin Brodie, leɓensa ya fashe. Ya ja da baya, ya rarumi sifanan taya ya kawo mata, ya tsarge mata gira har fata ta rufe ido ɗaya. Ba ta tsaya ba. Ta shige ƙarƙashin hannunsa, ta kama haɓarsa ta murɗe wuyan gefe, ta danna ƙugunsa, ya zube a kan ɗuwawu kamar tunkiyar da za a aske, ta matse shi tsakanin gwiwoyinta. Daga nan ta shiga kirɓa. Ta buga kansa da ƙofar motar har ƙofar ta lotsa, ta ci gaba da naushi, yana kare fuska, tana ɓare hannuwan tana ƙarawa. Matar da ta zo sayen mota tana kururuwa, mijinta ya ɗaga bonet ya zaro hannun Errol. Errol ne da kansa ya zo, yana riƙe da hannu jini na zuba ta gwiwarsa, ya durƙusa a gabanta.

"Yaya, ya isa. Yaya! Za ki kashe shi. Dube ni."

Ta dube shi, ta dubi abin da ke tsakanin ƙafafunta, ta sake shi. Ta je bakin magudana ta yi amai. Abin da ya tsorata ta shi ne ta ji daɗin dukan, kuma ta san a gidan wa ta koyi jin wannan daɗin.

Yatsu biyu na Errol suka karye, kan na uku ya guntule. Brodie ya kwana huɗu a asibiti da karyayyen muƙamuƙi. Alƙali ya hukunta su duka biyu. Ita aka yanka mata awa ɗari da ashirin na aikin gayya, ta yi su tana kwashe shara a bakin tafki ranakun Asabar. Wata guda ba ta yi maganar mota ba, tana bin bas ɗin ma'aikata. Errol ne ya kira ta.

"Akwai wata a wajen Omakau. Ta wata gwauruwa ce. In kin yi alkawari ba za ki doke ta ba, mu je."

Beryl Kinnaird ta kusa tamanin, mijinta ya rasu da kaka. Motarsa doguwa ce mai ruwan toka, ƙofar baya a lotse, cikinta sai warin kare da ciyawa. Ƙanƙara ta daskare a gilashinta, ba wanda ya taɓa ta tun sati biyu. Tsohuwar ta fito da gwangwanin biskit cike da takardun duk juyen man da aka taɓa yi mata da canjin bel ɗin inji.

"Marigayi ya fi kula da ita a kaina," ta ce. Ta ƙura wa ɗinkin girar Noeline ido, ta dubi bandejin Errol. "'Yata, ku kuma daga wane yaƙin?"

"Sayen mota muka je, Inna."

"To ni sai ku bi ni a hankali."

Errol ya sa Noeline ta murza makulli, shi ya tsuguna a bayan salansa. Bugu ɗaya ta tashi. Farin tururi ya fito ya ɓace, babu shuɗin hayaƙi. Suka hau da ita wani tudu mai tsakuwa da rana ba ta taɓa shi. Noeline ta taka totur, turbo ya yi ɗan fito, motar ta kama ƙasa ta haye ba ko zamewa. Beryl ta karɓi dubu biyar da ɗari biyar, ta haɗa musu da sarƙar taya da kwalbar zuma. Sauran kuɗin Errol ya sa aka zuba a sababbin tayoyin sanyi guda huɗu.

"Ki ji ni da kyau, Yaya. Ƙafa huɗun nan wajen hawa za su taimake ki. In an zo tsayawa, ke da taya ne kawai."

Lesieli ta koma aiki da ƙarfe a hannu da haƙoran roba. Ranar farko ta shiga motar ta toshe hanci.

"Wannan kare ne ya mutu a ciki, ko mijin?"

Sanyin shekarar da ta biyo baya, gari ya fara wayewa, wani ƙaton namijin barewa mai ƙaho ya diro daga dutse zuwa tsakiyar titi. Noeline ta taka birki. Motar ta yi ta kakkarwa a ƙarƙashinta amma ta tafi a miƙe, ta daki ƙafafun bayan dabbar, ta tsaya. Su ko ƙwarzane babu. Shi kuwa ƙugunsa ya karye, yana jan jiki da ƙafafun gaba yana wani irin kuka. Noeline ta ɗauko wuƙa a but. Ya kawo mata ƙaho ya yaga mata riga har haƙarƙari. Ta zagaya ta bayansa, ta hau wuyansa da gwiwa, ta kama ƙahon ta yanka. Jini mai zafi ya feshe mata hannu, yana tururi a kan ƙanƙara. Ta tsaya a kansa har ya daina shure-shure, tana shafa wuyansa.

Lesieli ta gama addu'arta a cikin mota, ta zuge gilashi.

"To 'yar uwa, naman fa? Bar wa shaho za mu yi?"

Su biyu suka ja shi, mai ciwon ƙugu da mai ƙarfe a hannu, suka cusa shi a bayan motar, ƙafafu na leƙowa. Suka isa otal a makare da awa ɗaya, jini har gwiwa. Manaja ya buɗe baki, ya dubi Noeline, ya rufe. Ranar Lahadi rabin cocin su Lesieli suka ci naman.

Shekara bakwai motar ta yi tana kai su tana dawo da su. Yatsun Errol ba su sake lanƙwasa daidai ba, ya koyi riƙe sifana da hagu, bai kuma taɓa ɗora mata laifi ba, ko da yake ita ta ɗora wa kanta. Da ta bar otal ta sayar da motar ga wata ungozoma mai zagaya gonakin kan tudu. Yanzu tana aikin datse rassan itatuwan ceri a wani lambu a gefen gari, da ƙafa take zuwa, kuma in an yi sanyi sosai ciwon ƙugun kan sa ta makara.