Murfin da Baba Lagireto Ya Ajiye

Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana gyaran lagireto, har sunan ya bi shi, kowa a layin Baba Lagireto yake ce masa. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bayan gareji, yana warin dalma da tsatsa. Manyan motocin alfarma na da, waɗanda kamfani ya daina ƙera kayansu, su ne abin sonsa. Duk wadda aka kawo sai ya rubuta a littafi: lambar mota, lambar lagiretonta, irin murfin da ta zo da shi, tiyon da aka canza, da wanda ya canza. Littattafan sun kai goma sha ɗaya.

Da idonsa ya fara rauni, matarsa ce ta koma karanta masa lambobin. Takan zauna a benci da tabarau a kan hanci, tana bin layi da yatsa.

"Malam, wannan bakwai ce ko ɗaya? Rubutunka kamar tafiyar kaza."

"Kazar ce dai ta aure ki," yakan ce.

Wata safiya aka jawo wata doguwar baƙar mota da igiya. Mai ita likita ce, ta ce ta mahaifinta ce da ya rasu bara. Tana son ta riƙa hawa, amma ko ƙarshen layi ba ta kaiwa sai motar ta yi zafi, ruwa ya tafasa. Makanikai uku sun duba sun gaji.

Baba ya shafa bakin lagireton da hannu, ya kwance murfin, ya juya shi a tafinsa.

"Wannan ba nata ba ne. Ɗauko min littafi na huɗu," ya ce wa matarsa.

Ta daɗe tana buɗe shafuka kafin ta kai ga lambar motar. Shekara ashirin da shida ke nan da aka taɓa kawo ta. Ta karanta a hankali: "Na sa murfin wucin gadi, na asali bai samu ba. Mai motar ya ce zai dawo. 'Yarsa ta zubar min da shayi a littafi, ta yi ta kuka, na ce ba komai."

Tabon shayin yana nan, ya cinye rabin shafin. Likitar ta ɗora yatsa a kai.

"Ni ce, Baba," ta ce. "Bayan nan aka yi masa canjin wurin aiki, muka tashi."

Baba ya miƙe. Ya taka kujera, ya laluba saman kanta, ya sauko da wani gwangwanin madara. A ciki akwai murfin tagulla naɗe da tsumma, da 'yar takarda mai lambar motar. Wata takwas bayan tafiyarsu ya same shi a jikin wata mota da ta yi hatsari, ya ajiye.

"Kullum ki ce in zubar da gwangwanayen nan," ya ce wa matarsa.

"Yau dai ka ci ni."

Kwana biyu ya yi yana wanke lagireton, ya toshe ƙananan hujoji da dalma, ya ɗaura murfin. Aka tada mota ta yi rabin awa a tsaye, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba.

Likitar ta buɗe ƙofar baya, ta ce su shiga ta zaga da su. Baba ya tsaya yana goge hannu a riga. Ashe duk shekarun nan bai taɓa zama a bayan irin motar ba, iyakarsa gaban inji. Matarsa ta riga shi shiga, ta gyara mayafi, ta daki kujerar gefenta. Ya shiga a ɗarare. Suna tafe matarsa tana nuna masa shaguna, shi kuwa ya karkata kai yana sauraron injin.

"'Yata, rage gudu kaɗan," ya ce, "ba sauri muke ba."