Farar Ƙasa a Gandun Baba

Ni ne babba a gidanmu, kuma ni nake riƙe da gandun Baba tun lokacin da gwiwa ta hana shi sunkuyo. Gonar tana bayan garin Ƙarfi. Masara muke yi, sai dawa a gefe. Ni ke cewa yau za a yi huɗa, gobe za a yi shuka, ni ke ɗaukar 'yan ƙwadago, ni ke buɗe rumbu. Baba bai taɓa tara mu ya ce ya damƙa mini ba, amma kowa ya san haka abin yake, ni kuwa ina jiran ranar da zai faɗa da bakinsa.

Ƙanwata ita ce auta, kuma Auta muke kiranta har yau da take da 'ya'ya. Ni na riƙa goya ta a keke zuwa firamare. Ta wuce jami'a a Zariya ta karanci kimiyyar sinadarai, ɓangaren duwatsu da gishiri da ƙarafa, ta zarce har ta zama mai bincike a can. Ni a sakandare na tsaya, domin dole wani ya tsaya a gona, kuma ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Duk ranar da ta zo gida, Baba sai ya sa a yanka zakara. Ni da nake kawo masarar da zakaran ke ci, ban taɓa jin an yanka mini ko ɗan tsako ba.

Gonar ta soma ja da baya a hannuna. Kowace damina ina ƙara taki, masara tana ƙara ramewa, ganye ya yi ruwan ɗorawa tun bai kai gwiwa ba. Abin da muka sani ke nan, in masara ta yi ɗorawa a ƙara mata takin yuriya. Na ƙara, na ƙara, rumbu ya ƙi cika. Wata bazara Baba ya ce in miƙo masa waya, ya sa na nemo masa lambar Auta da hannuna, ya ce mata a gabana, "Ki zo ki duba mini gonar nan, ta fi ƙarfin yayanki."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ta zo da leda-leda da ƙaramin shebur. Na bi ta ina kallo tana ɗibar ƙasa nan da can, tana rubutu a jikin leda. A gindin bishiyar ɗorawar da ke tsakiyar gona ta jiƙa ƙasa kaɗan a kofi, ta tsoma wata 'yar takarda, takardar ta canza launi.

"Yaya, ƙasar nan ta yi tsami," in ji ta.

Na ce, "Kin ɗanɗana ne? Ko nono ce?"

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba, kuma rashin jin haushin nan nata ya fi komai ƙona mini rai. Ta ce yuriyar da muke zubawa shekara da shekaru ita ke barin tsami a ƙasa, in tsamin ya yi yawa saiwa ba ta iya shan abincin da ke kusa da ita. Maganinsa garin dutsen farar ƙasa, a watsa a juya shi cikin ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ta ce ba mu kaɗai ba ne, ƙasashe da yawa ƙasarsu ta gaji haka, mutane na ƙaruwa, abinci na raguwa, takin da ake zubawa kuma wani ya bi ruwa ya lalata rafi, wani ya bi iska. Aikinsu a ɗakin bincike shi ne neman yadda taki zai zauna inda aka sa shi, shuka ta ci.

Na ce, "To ki je ki gyara duniyar, ki bar mini Ƙarfi."

Bayan mako biyu ta dawo da sakamakon ledojinta, Baba ya yanke hukunci. Daga ɗorawa zuwa gabas a yi yadda Auta ta ce, daga ɗorawa zuwa yamma in yi yadda na saba. In kaka ta yi zai duba, ya faɗi wanda za a riƙa bin maganarsa a gandu. Ya ce ba gasa ba ce. Na ce to, amma ni na san gasa ce, kuma abin da na yi shekara ashirin ina wa gumi ne aka ɗora a faifai.

Aka kawo mata buhunan garin a ƙaramar mota, fari-fari mai ɗan toka. Da aka watsa, rabin gonar ya yi fari fat. Masu wucewa a babur suka riƙa tsayawa. Ni na fara ba'ar a majalisa, na ce Auta za ta yi wa gonar Baba fenti, saura labule. Aka yi dariya har da buga ƙafa, na ji daɗi ƙwarai. Shanun huɗa suka juya garin ya shige ƙasa, ta koma Zariya, ta bar mini takarda a rubuce: ranar shuka, ranar taki, yawan da za a sa. Na bi takardar a ɓangarenta ba ragi ba ƙari, don kada a ce na yi mata mugunta.

Ruwa ya zauna, muka shuka iri ɗaya a rana ɗaya. Kafin mako uku bambanci ya fito, ba sai an nuna maka ba. Tata ta yi kore shar, kara ya yi kauri. Tawa tana nan yadda ta saba, siririya, tana neman yin ɗorawa. Mutanen da suka yi dariya a majalisa su ne suka koma tambayata yaushe Dakta za ta zo. Dakta! Yarinyar da na share wa majina. Baba, wanda ya yi shekaru bai taka gonar ba, ya sa na goya shi a babur. Ya tsaya a gindin ɗorawa ya juya mini baya, yana kallon gabas yana ta sa mata albarka. Yamma ko waiwaye bai yi ba.

A ranar na ji hassada sosai, irin wadda ke hana mutum jin ɗanɗanon tuwo. Ba na so in kira ta da wani suna. Na so a ce tsutsa ta faɗa wa ɓangarenta. Na yi istigfari, can kuma na sake so.

Da zan ɗauki waya in ce, "Auta, yaya zan yi da nawa?" da magana ta ƙare. Amma in tambaye ta? Na ce a raina ai ba wani asiri ba ne, farar ƙasa ce, kuma na san inda ake sayar da ita. Na hau babur na tafi Funtua, layin masu kayan gini, na sayi wadda ake shafe bango da ita. Mai shagon ya ce, "Alhaji, gida za a gyara?" Na ce e. Na sa Keke Napep ya kai mini tasha, aka loda a mota, aka sauke mini a bakin gona, ba ta ko shiga gari ba.

Mu a nan in za mu sa taki, leda muke shimfiɗawa mu juye takin kamfa da yuriya wuri ɗaya, mu cakuɗa da shebur, sannan a bi kowane gindi a tona rami da tsinke a zuba cikin murfin kwalba. Haka na gani a wurin Baba, haka kowa ke yi. Sai na ga ai na ma fi Auta dabara. Ita ta watsar da nata a ko'ina, ni zan haɗa duka uku in kai wa kowace shuka har bakinta. Na ɗauko 'yan ƙwadago daga wajen Dandume, waɗanda ba su san kowa a garinmu ba.

Ƙasa da laima ranar, an yi ruwa da asuba. Muna fara cakuɗawa wani wari ya taso, mai yaji, ya shige hanci ya fito da hawaye. Babban cikinsu, wani dattijo, ya ja da baya yana tari.

"Malam, anya wannan haɗin lafiya?"

Na ce, "Ƙarfinsa ke nan. Taki mai kyau ai dole ya yi wari."

Hannunmu ya yi ta zafi, fata ta yi fari ta tsattsage. Na ce a cika murfin da kyau, kuma a matsa kusa da gindi.

Bayan kwana huɗu na koma. Bakin ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, wasu sun lanƙwashe, wasu sun kwanta. Na tuge ɗaya, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Na bi kunya-kunya ina dubawa, ina fatan wani wuri ya tsira. Ƙalilan ne suka tsira, inda masu aikin suka yi ha'inci ba su cika murfi ba. Na zauna a ƙasa. Daga inda nake ina hango tata tana kaɗawa a iska, ko ganye ɗaya bai yi komai ba.

Labari ya kai wa Baba kafin in kai masa. Ya kira Auta, ta zo ranar Asabar. Mu biyu muka je gonar. Ta durƙusa ta tona gindi ɗaya da yatsa, ta fito da dunƙulen fari, ta kai hanci, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, ta shafen bango ce?"

Ta murje dunƙulen a tafin hannunta.

"Kuma ka haɗa ta da taki."

Ta ce wannan ƙonanniya ce, tana da zafi, ba irin tata ba ce da dutse ne kawai aka niƙa. In ta haɗu da taki a jiƙe, abincin da ke cikin takin sai ya tashi ya zama iska, shi ne warin da muka ji, shi ya ƙone saiwar. Ko tata ma ba a haɗa ta da taki rana ɗaya, shi ya sa ta watsa tun kafin ruwa. Ta faɗa a hankali, ba gori. Na fi so ta yi gorin, da na samu abin riƙewa in yi faɗa.

"Me ya sa ba ka kira ni ba?"

Na ce, "Saboda ke ce."

Ta daɗe tana kaɗe ƙasa daga hannunta. Sannan muka hau babur.

Baba yana zaure a kan buzunsa. Muka gaishe shi muka zauna. Na buɗe baki ban san ta inda zan fara ba, sai na ji muryarta.

"Baba, laifina ne. Ni na ce Yaya ya gwada wani haɗi a ɓangarensa, ban auna da kyau ba."

Baba ya dube ta. Ban taɓa ganin ya yi mata irin wannan kallon ba.

"Abincin gidan nan kika yi gwaji da shi?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ke kina da albashi a Zariya. Waɗannan da ke cikin gidan nan, me za su ci? Yaron nan shekara nawa yana wahala a gonar nan, bai taɓa ƙone mini shuka ba."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan mayafinta. Ni kuwa ina zaune, kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya, amma kunnena ya maƙale a kan abin da Baba ya faɗa game da ni. Ban taɓa jin ya yabe ni ba sai ranar, kuma daɗin ya ratsa ni har ƙafa. Na riƙe bakina.

Na sake shuka wake a inda masarar ta mutu, ya ɗan rufa asiri. Da kaka ɓangarenta ya ba da masarar da gonar ta yi shekaru ba ta ba da irinta ba, ita ta ciyar da gidan. Na ɗauka wannan zai wanke ta. Amma Baba ya tara mu bayan an gama sussuka, ya ce ya ga amfanin karatu, ya kuma ga ɓarnarsa, kuma gandu ba wurin wasa ba ne. Ya ce daga yau magana a gonar nan tawa ce, ko bayan ransa, kowa ya shaida.

Auta ce ta fara cewa, "Allah ya taya riƙo, Yaya." Da fara'arta ta faɗa. Na dube ta ina neman ɓacin rai a fuskarta ban samu ba, sai wani sabon ƙyashi ya taso mini. Abin da na ƙone rabin gona a kansa, ita ta iya ajiye shi ta tashi ta kama hanyar Zariya. Har wannan ma ta fi ni.

Bayan an watse Baba ya riƙe hannuna, ya ce in matso.

"Ka yafe wa ƙanwarka," in ji shi. "Yarinta ce. Kai ne babba."

Na ce, "Na yafe mata, Baba."

Ya rasu da azumin shekarar da ta biyo, yana nan a kan haka.