Tsakar Gidan Nalongo a Kikoni

Lokacin da aka kawo Nabbosa amarya Kikoni, a gindin tudun jami'ar Makerere, unguwar gonakin ayaba ce da fadama. Kwaɗi ne maƙwabtanta. Da ta haifi tagwaye aka koma kiranta Nalongo, kamar yadda muke kiran uwar 'yan biyu, har sunanta na yanka ya ɓace mana.

A kan idonta jami'a ta cika ta tumbatsa, ta gangaro mana. Da fari ɗalibai ɗaki ɗai-ɗai suke nema a bayan gidaje. Sai masu hali suka farga. Aka sare ayaba, aka cike fadama, benaye suka miƙe hawa biyar, hawa shida, kowace taga da shanyarta. Masu suyar ƙwai da capati, wata irin wainar fulawa, suka jeru a bakin titi, 'yan acaɓa kamar fara. In an tafi hutu mai aski barci yake kan bencinsa; in an dawo, ba masaka tsinke.

Gidan Nalongo kaɗai ya rage a ƙasa, da tsakar gida mai faɗi da bishiyar mangwaro. A bayan ɗakinta aka binne mijinta da iyayensa, don haka duk dillalin da ya zo, shayi take ba shi ta sallame shi.

Wata shekara, ranar bikin yaye ɗalibai, wata babbar mota ta tsaya a layinmu cike da mutanen Kitgum, daga can arewa. 'Yarsu Lamwaka ce ta farko a ƙauyensu da ta gama jami'a. Sun zo da ganguna, da garin gero, da akuya. Maigadin benen da take zaune ya ce ko kusa, wannan taro ba zai shiga ba. Suka yi cirko-cirko a rana. Ina ƙofar shagona na ga Nalongo ta fito da sandarta.

"'Yata, kukan me kike da wannan hula mai kusurwa huɗu?"

"Jajja, kakata, mutum huɗu na ce su zo. Dubi abin da Baba ya kwaso mini!"

Nalongo ta dubi mahaifin Lamwaka, tsoho Mzee Ocitti, sanye da wata kwat da ta yi masa yawa. Ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa.

"Gaya wa babanki su shigo. Amma in akuyar nan ta taɓa mini ganyen rogo, ita za mu fara ci."

Lamwaka ta fassara. Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ya ce dama abin da ya kawo ta ke nan, Jajja."

Kafin la'asar an kafa tukwane. Da gangunan suka tashi, maza na kaɗa ƙorai, mata na guɗa, sai na ɗaga kai. Duk benayen da suka kewaye gidan, tun daga ƙasa har sama, kowace taga da kawuna. Ɗalibai suka fara tafi, daga baya suka sauko rututu. Na ga wani ɗalibi ɗan garin Kabale, daga can kudu, yana koyon rawar arewa a hannun wata tsohuwa, tana zungurarsa in ya kuskure taku. Nalongo kuwa na zaune kan tabarma kusa da mahaifiyar Lamwaka, suna riƙe da hannun juna, ba mai jin yaren ɗaya.

Labari ya bazu. Da shekara ta zagayo, gidaje da yawa suka zo roƙon wuri. Mutanen tsaunukan yamma suka yi tsallensu har ƙasa ta girgiza. Makiyayan Karamoja suka zo da wuyansu cike da duwatsun ado. Har daga Kwango da Juba an zo. Sharaɗinta ɗaya: kowa ya wanke tukunyar da ya ɓata.

Yanzu ta haura tamanin, idanun sun dushe. Bana na zauna kusa da ita, hayaƙin murhu ya cika gidan. Aka buga wata ganga daga ƙofa, ta karkata kunne.

"Waɗannan daga ina kuma?"

"Wai daga Burundi, Nalongo."

"Burundi!" Ta daɗe tana girgiza kai. "Ni da ban taɓa wuce garin Masaka ba. Tashi, maƙwabci, ka matsar musu da benci, gangunansu manya ne."