Tabon Uwar Tanderu

"Wai ita ce wannan?"

"Ita ce mana. Autarta ce ta gyara a waya."

"To ina tabon?"

"An share. Yatsa kawai ake shafawa."

"Allah sarki. Ashe da kyakkyawa ce."

Uwar Tanderu tana bayan buhunan fulawa tana auna yis, kuma babu abin da ya wuce kunnenta. Masu maganar 'yan matan da ke zuba burodi a leda ne, sun haɗa kai a kan wayar Auta. Sai da ta rufe gwangwanin, ta goge hannu a rigar aiki, sannan ta zagayo ta miƙa musu tafin hannu.

"Ku ba ni in ga kyakkyawar."

Wata mata ce a hoton, da ɗankwalinta da idanunta, amma kumatun hagu sumul kamar bayan cokali.

Da wankin farantan gashi ta fara a gidan burodin nan, tana goyon 'yarta ta fari. Wata safiya gas ya taru a cikin tanderu, ta ƙyasta ashana, wuta ta lashe ta daga kunne zuwa haɓa. Fatar ba ta gama kamewa ba ta dawo aiki, domin akwai bakunan da ke jiranta a gida. Yau duk mai gashi a gidan a hannunta ya koya, shi ya sa sunan ya bi ta. Yanzu so take ta buɗe nata gidan burodin, an ce sai da takardar shaidar tsaftar abinci. Ta nemi shiga ajin yamma don samun takardar, makarantar kuma ta ce a tura hoton katin ɗalibi ta intanet, yau ake rufewa. Auta, da ke jami'a, ta biyo daga lacca don ta yi mata.

"Ke, 'yar boko, zo nan. Wace ce wannan?"

Auta ta taso daga benci tana murmushi. "Ke ce, Umma. Akwai shafin da muke amfani da shi kyauta. Na cire bangon baya na sa fari, na rage wa hoton nauyi, na juya shi irin wanda makarantar ke karɓa. Sai na ga wurin gyaran fuska. Kowa yana yi, ni ma can nake share ƙurajena."

"Ƙurji ne wannan?" Ta ɗora yatsa a kumatunta. "Ranar jarrabawa malami ya dubi kati ya dube ni, me zan ce masa? Ƙanwata ce ta yi rajista?"

'Yan matan leda suka ƙyalƙyale, ta juyo ta dube su, dariyar ta koma ciki.

A bikin babbar 'yarta mai hoto ya riƙa juya ta kamar burodi a faranti. Hajiya ɗan karkata, Hajiya ja mayafi. Da hotunan suka fito, babu ko ɗaya da take kallon gaba. Ta biya kuɗinsa ba ta ce uffan ba, don kada ta ɓata wa amarya rana. Abin ya daɗe yana ci mata rai.

Auta ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa. "Umma, a firamare 'yar mai rabin fuska ake ce min. Ban taɓa gaya miki ba. Ba na so ki shiga aji a fara nuna ki."

Uwar Tanderu ta matso kusa da ita. Wannan ba ta san da shi ba, ya kuwa shige ta. Ta gyara wa Auta wuyan riga, fulawa ta ɗan taɓa shi.

"To ai da fuskar zan shiga ajin, Auta, ba katin zan aika ya zauna min ba. Su kalla har su gaji. Da wannan tabon aka saya miki wayar da kika share shi. Maido min na asalin."

"Na goge shi. Wayar ce ta cika."

"Sai a sake ɗauka."

"A nan? Bangon duk hayaƙi ne."

"Bangon kya iya cirewa, shi ba nawa ba ne."

Ta kori 'yan matan daga bakin taga, ta ja kujerar ƙarfe ta zauna inda rana ke shigowa. Ta tura ɗankwali baya har kunnen da ya naɗe ya fito fili, ta miƙe wuya. Auta ta ɗaga wayar, ta tsaya ta dama, gefen da babu tabo, kamar yadda ta saba.

"Ba ta nan ba. Dawo gabana sosai, ki share hawayen nan, ki ɗauke ni duka."